Dokin Baba yana ramewa, gida kuma ya rabu a kansa

Assalamu alaikum. Ni mazaunin Aboabo ne a Kumasi, ina aikin kanikanci a Suame Magazine, ina da mata da 'ya'ya uku. Mahaifinmu ya rasu wata takwas ke nan. Cikin abin da ya bari akwai ingarman doki da yake hawa duk Sallah a tawagar mai unguwarmu. Da yake ni ne babba, dokin ya faɗo hannuna, yana nan ɗaure a turkensa a tsakar gidanmu na gado. Tun da ruwa ya sauka yake ramewa, alhali yana ci. Ƙasan cikinsa da ƙafafunsa na baya sun kumbura, idonsa na zubar da hawaye, yau ya warware gobe ya yi laƙwas. Dattijon da ke kula da shi tun zamanin Baba ya sayo allurar shanu a kasuwa ya yi masa, ba mu ga canji ba. Ƙannena maza biyu da ƙanwata sun ce a sayar a raba kuɗin. Matata ta ce wari da ƙudaje sun ishe ta, kuma kuɗin harawa ya fara taɓa kuɗin cefane. Kawunmu ya ce in na sayar na zubar da mutuncin gidan. Mma, mahaifiyarmu, ba ta ce komai ba. Ni ko hawan ban iya sosai ba, amma in na ji haniniyarsa da asuba sai in ji kamar Baba yana nan. Mene ne abin yi?

Wani ɗan'uwa daga Aboabo

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan Baba, ya kyautata makwancinsa, ya ba ku haƙurin rashi. Abin da kake ji in dokin ya yi haniniya ba abin kunya ba ne, kuma kada ka bari wani ya mayar maka da shi rashin hankali. Cikin duk abin da Baba ya bari, wannan ne kaɗai yake numfashi, yake kuma juyo da kai in an buɗe ƙofa. Sai dai ka cakuɗa magana biyu a wasiƙarka. Maganar wa zai riƙe dokin za ta iya jira wata ɗaya ko biyu. Maganar lafiyarsa ba za ta jira ba, kuma in kuka ci gaba da ja-in-ja yana ramewa, za a wayi gari babu abin sayarwa, babu abin riƙewa.

Mu fara da jikinsa. Kumasi kurmi ce, kurmi kuwa ba ƙasar doki ba ce tun asali. Ƙudan tsando ne ya hana Tonawa tara rundunar dawaki irin ta sarakunan arewa, kuma dawakin da ke gangarowa ta hanyar Salga a zamanin fataucin goro ba sa daɗewa in suka shiga daji. Tsakiyar gari yau ba ta cika tsando ba, amma duk dokin da ake kaiwa kiwo bakin rafi ko gefen gari yana iya gamuwa da shi, wasu ƙudajen masu cizo ma suna ɗaukar cutar da yake sawa, wato sammore, daga dabba zuwa dabba. Alamun da ka lissafa, rama ana ci, kumburi a ƙasan ciki da ƙafafu, hawaye, zazzaɓin da ke zuwa yana tafiya, sun yi kama da sammore ƙwarai. Amma ba a yanke wa doki ciwo ta wasiƙa. Cutar da kaska ke sawa a jini tana kawo kusan waɗannan alamun, tsutsar ciki mai yawa ma tana jawo rama da kumburi, haka kuma ciwon hanta. Jini ne zai raba gardama.

Kafin likita ya zo, akwai abin da za ka yi da hannunka. Sayi ma'aunin zafi na kantin magani, ka shafa masa mai, ka tsaya a gefen cinyarsa, ba a bayansa ba, wani na riƙe da ragama, ka sa a duburarsa safe da yamma kana rubutawa. Zafin jikin lafiyayyen doki yana tsakanin digiri 37.5 da 38.5 a ma'aunin Celsius. Ɗaga leɓensa na sama ka dubi dasashi: jaja-jaja mai laima ake so. In ya yi fari-fari, jini ya yi ƙasa. In ya yi rawaya, hankali zai fi karkata ga cutar kaska ko hanta. Danna kumburin da yatsa ka ga ko ramin ya daɗe bai cika ba. Duba cikin kunnuwa, ƙarƙashin wutsiya da tsakanin cinyoyi ko akwai kaska. Da wannan takarda za ka je ofishin likitocin dabbobi na gwamnati da ke Amakom, ko ka nemi malaman sashen likitancin dabbobi na jami'ar KNUST da ke nan Kumasi. Ka roƙa a ɗebi jinin a ranar da jikin ya yi zafi, domin ƙwayoyin sammore suna fitowa cikin jini ne su sake ɓuya, kuma gwajin da aka yi ranar da ya warware yana iya nuna babu komai. Ka nemi a auna yawan jininsa, a kuma duba kashinsa saboda ƙwan tsutsa.

Ka sa likitan ya buɗe bakinsa ma. Muƙamuƙin doki na sama ya fi na ƙasa faɗi, haƙoran kuma suna ci gaba da fitowa, saboda haka gefensu yakan yi kaifi ya riƙa yankar kumatu da harshe. Alamarsa ita ce ka ga dunƙulen harawa da aka tauna rabi an zubar a ƙasa, ko ƙwayar hatsi ta fito a kashi ɗungurungum. Magagari ake sawa a goge kaifin. Daga haƙoran ne kuma za a ƙiyasta shekarunsa, kuma kana bukatar sanin wannan: doki yakan kai shekara 25 zuwa 30, don haka ɗan shekara goma nauyi ne na shekaru masu yawa a gabanka, ɗan shekara ashirin kuwa tsoho ne mai neman hutu.

Game da allurar shanun nan, a dakata haka. Maganin sammore da aka fi sayarwa don shanu, mai sinadarin diminazin irin su Berenil, jikin doki ba ya ɗaukarsa kamar na saniya. Tazarar da ke tsakanin abin da zai warkar da abin da zai illata ƙoda ko ƙwaƙwalwa kaɗan ce, kuma in an ba da ƙasa da kima cutar takan lafa ta dawo da taurin kai. Ka nemo fakitin da aka yi amfani da shi, da ranar da aka yi, ka nuna wa likita. Amma kada ka yi wa dattijon nan faɗa, ballantana a gaban yara. Ya yi abin da ya ga ana yi ne, kuma shi ma rashi ya yi: ubangidansa ya tafi, abin da ya rage masa na aiki da matsayi yana tsaye a turken nan. Shi ya san halin dokin, ya san ƙafar da ba ya so a ɗaga, ya san inda aka kai shi kiwo kafin ciwon. Ka ce masa, Baba, ka raka ni wurin likita, kai za ka yi bayani. Duk shawarar da za ku yanke daga baya, a sa rabonsa a ciki, ko da sallama ce ta mutunci.

Ka ce yana ci. Tambayar ita ce me yake ci, kuma nawa. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a ciyar da doki ido yana yaudara. Ari tef na tela, ka auna zagayen ƙirjinsa a inda majayi ke zama, ka auna tsawonsa daga ƙashin kafaɗa zuwa ƙarshen ɗuwawu, duka a santimita. Ninka zagayen da kansa, ka ninka da tsawon, ka raba da 11,880. Mai zagaye 160 da tsawo 150 zai ba ka kilo 320 da ɗoriya, kuma dawakinmu na arewa galibi a wannan kewayen suke. Doki yana bukatar busasshen abinci kusan kashi 2 cikin 100 na nauyinsa a rana, wato kilo shida da rabi ga irin wannan, mafi yawansa kuma ciyawa da harawa, ba hatsi ba. In ɗanyar ciyawa ce ake yankowa, kusan kashi uku cikin huɗu nata ruwa ne, don haka sai ta kai kilo 25 kafin ta maye gurbin wancan. Dami ɗaya da yaro ya ɗauko a ka ba ya kai nan. Rataya buhu a sikelin hannu sau ɗaya ka gani da idonka.

Kuskuren da aka fi yi wa ramammen doki shi ne a cika masa kwano da dawa ko masara don ya yi saurin murmurewa. Tumbin doki ƙarami ne, kuma ba ya iya amai. Hatsi mai yawa a lokaci guda yana ruɓewa a hanji, ya kawo murɗar ciki ko kumburin cikin kofato, wanda ke iya gurgunta shi har abada. Kada dusa da hatsi su wuce kilo ɗaya a ci guda, a raba sau biyu ko uku, harawa ta riga shiga, kuma duk sabon abinci a shigo da shi sannu a hankali cikin kwana goma. Dusa kaɗai ba ta gina ƙashi. Harawar gyaɗa ko ta wake ce ke cike giɓin da take bari. Ruwa kuwa lita 30 zuwa 40 a rana, ya ma fi haka in ana zafi, kuma ya kasance a gabansa kullum. Gishiri cokali biyu a rana ya isa. Kanwa kaɗan ba laifi, amma ba ta maganin sammore.

Laimar Kumasi ita ce babbar abokiyar gabar rumbunka. Jiƙaƙƙiyar dusar da ake karɓowa daga injin niƙa ko wurin masu yin dokunu (tuwon masara mai tsami na Ghana) tana tsami cikin kwana biyu. Ko a shanya ta bushe ƙayau, ko a sayi ta yini ɗaya. Masarar da ta yi hunhuna tana da dafin da ke taɓa ƙwaƙwalwar doki ya kashe shi, don haka wadda aka ce ba ta yi wa mutane ba, doki ma ba ta yi masa ba. Harawa a ɗora ta kan katako nesa da ƙasa da bango, a shinshina kowane dami kafin a ba shi. Ta fi araha in an sayo ta da yawa bayan girbin arewa, wajen watan Nuwamba da Disamba, tana kuma tsada gab da babbar Sallah lokacin da masu raguna suka cika gari. Abincin kajin gona kada ya kusance shi ko da wasa, domin wasu ana sa musu maganin monensin, wanda ɗan kaɗan ke lalata zuciyar doki. Ɗanyen ɓawon rogo da ledar da iska ke kawowa tsakar gida su ma a kawar.

Yanzu ga uwargida. Gaskiya ta faɗa, kuma ita ce ke wuni da abin da kai kake tarar da shi da yamma kawai. Doki irin wannan yana zubar da kashi fiye da kilo goma a rana, ban da fitsari, a gidan da ake girki, ake shanya, yara ke rarrafe. Ingarma kuma ba abin wasan yara ba ne. Harbi ɗaya ya isa. Abin da za ka iya yi nan take shi ne ka ɗaga ƙasan wurin da jar ƙasa a daddaɓe, ya ɗan karkata don fitsari ya gangara, ka yi rumfar kwano, ka kewaye da katako mita uku da rabi kowane gefe yadda za a kwance masa igiyar ƙafa. Igiyar turke tana cin fatar da ke saman kofato, raunin ya haɗu da taki, nan kuwa ƙofar cutar sarƙewar haƙora ce, wadda doki ke saurin kamuwa da ita. Ka tambayi likita allurar riga-kafinta. Shimfiɗa ɓarzajjen katako, ba gari mai ƙura ba, ana samunsa a wurin masu katako na Sokoban. A kwashe kashi safe da yamma a buhu. Masu lambun latas da kabeji na wajen Gyinyase suna bukatar taki. A sakace ƙasan kofato kullum, domin tsayuwa cikin laima tana ruɓar da tsakiyarsa, za ka ji wari ka ga baƙin ruwa, a kuma yanke kofaton duk mako shida zuwa takwas. Wannan duk zai rage damuwar, ba zai kawar da ita ba. A ganina, ko wa ya riƙe dokin, tsakar gidan haya ko gidan gado mai cike da mutane a Aboabo ba mazauninsa ba ne na dindindin. Ka faɗa wa matarka haka, ka ba ta lokaci ƙayyadadde, kuma ka raba kuɗin doki da kuɗin cefane daga yau.

Ƙannenka ba marasa tausayi ba ne don sun ce a sayar. Dokin ba naka ba ne tukuna, na magada ne duka, har da Mma da ke da tumuni a shari'a, har da ƙanwarka. Zama babba ya ba ka riƙo, bai ba ka mallaka ba. Ka kuma sani cewa a Ghana akwai dokar gadon wanda ya rasu bai bar wasiyya ba, PNDCL 111 ta 1985, wadda kotu ke bi in rigima ta kai can, kuma rabonta ya bambanta da na shari'a. Dalili ke nan da ya sa ya fi kyau ku gama a gida, gaban malamin da ya san ilimin gado, a rubuce, kowa ya sa hannu. Hujjar da za ta gamsar da su su jira mai sauƙi ce: ramammen doki mai kumburi ba ya kuɗi, wanda zai taya shi a haka araha yake nema. Ku amince a cire kuɗin magani da abinci na wata biyu daga dukiyar gadon, kana ajiye rasit, sannan masana doki biyu da ba su da niyyar saye su yi masa kima, kowa daban. Sirdi, linzami, likkafa da kayan ado a yi musu kima dabam, don wani lokaci kayan sun fi dokin daraja.

Kawu kuma a girmama shi, amma a mayar masa da maganar a hankali. Mutuncin gida da yake magana a kai yana da farashi duk wata, saboda haka a tambaye shi cikin ladabi nawa zai riƙa sawa. In ya sa, alhamdu lillahi. In ya yi shiru, ka ji amsarsa. Kuma mutanen unguwa da suka san dokin Baba a cike yana taƙama ba za su ga mutunci ba in suka gan shi haƙarƙari a waje. Wadda na fi so ka zauna da ita ita ce Mma, ku biyu, ba a taron dangi ba. Shirunta yana iya zama na mai son dokin ya zauna tana jin nauyin ɗora maka, yana kuma iya zama na wadda kowace haniniya ke tayar mata da miki tana jin kunyar cewa a fitar da shi. Kada ka yi mata fassara, ka tambaye ta. Ka tambaye ta ma ko Baba ya taɓa faɗin abin da yake so a yi da shi.

A cikin wata biyun nan ka riƙe littafi: harawa, dusa, hatsi, shimfiɗa, ladan mai kula, magani, mai yankan kofato, kuɗin mota. Jimillar wata guda ka ninka sau goma sha biyu, ka ƙara kuɗin ciwo ɗaya na ba-zata, ka ajiye ta kusa da kuɗin makarantar yara uku. In abin da kake samu a Magazine ya ɗauka ba tare da gida ya ji ba, har a watan da aiki ya yi ƙasa, to ka sayi rabon 'yan'uwanka a kan kimar da aka yi, ko da biya kaɗan-kaɗan ne, ka nema masa barga a gefen gari ko wurin wani mai dawaki da za ka riƙa biya duk wata. Akwai kuma mallakar haɗin gwiwa, kowa na turo nasa ta waya duk wata. Ba na cika son wannan ba, domin wata uku na farko kowa na biya, daga nan sai nauyin ya koma kan wanda dokin ke gabansa. In kuna da dangi ko amini a Tamale ko Bawku, tura shi can riƙo hanya ce mai kyau: harawa ta fi sauƙi, ƙasa ta fi bushewa, masu sanin doki sun fi yawa. Sai ya warke tukuna, da takardar izinin jigilar dabba daga ofishin likitoci, a mota mai shimfiɗar yashi don kada ya zame, a tashi da asuba, ana tsayawa ba shi ruwa duk awa huɗu.

In kuwa lissafin ya nuna linzami ya fi ƙarfin bakin kaza, ka sayar, kuma ba ka ci amanar kowa ba. Sai dai ka zaɓi mai saye: ka je ka ga bargarsa, ka dubi bayan dawakinsa ko akwai gyambon sirdi, ka dubi kofatansu. In dokin ya manyanta, kada ka bayar da shi ga aikin ɗaukar masu yawon shaƙatawa wuni guda a bakin teku. Ka faɗa wa mai sayen ciwon da ya yi da maganin da aka ba shi. Kana iya karɓar sirdin da linzamin a cikin rabonka, ka kuma ba 'yan'uwanka shawara ku cire wani abu daga kuɗin ku yi wa Baba sadaka mai gudana, in sun yarda da son ransu.

Sallar bana dai kada ya fita, ko kawu ya matsa, ko an aiko daga fada. Doki mai ƙarancin jini yana iya faɗuwa a tsakiyar taro, da kaya masu nauyi, da ganguna, da kwalta mai santsi, ga mahayin da bai ƙware ba. Bayan likita ya ce jininsa ya dawo, a fara da jan sa da hannu minti goma sha biyar da sanyin safiya, a riƙa ƙarawa, sai bayan mako shida zuwa takwas na kilisa a yi zancen hawa. In kai za ka hau, ka koya a fili da ragama ko linzami mai sauƙi, domin linzaminmu na gargajiya mai zobe yana fasa baki a hannun da bai saba ba.

Abu ɗaya ne ba ya jiran wayewar gari. In ka ga ya ƙi abinci, yana tonon ƙasa da ƙafar gaba, yana waiwayar cikinsa, yana gumi, yana kwanciya yana tashi ko yana birgima, ko ya wuni bai yi kashi ba, murɗar ciki ce. Kwashe abincin gabansa, a riƙa zagayawa da shi a hankali in zai iya, kada a ɗura masa mai ko jiƙo ta baki don yana iya wucewa huhu, a kira likita a lokacin. Ka karɓi lambar likitan tun zuwanka na farko, ka rubuta ta a jikin bangon rumfar, yadda matarka ko dattijon za su iya kira in kana wurin aiki.